Bishiyar da Ta Zama Matsala a Gida: Tambayoyi da Amsoshi kan Darbejiya, Cediya, Turare da Sauransu

Waɗannan su ne tambayoyin da masu gida suka fi yi idan bishiya ta fara damunsu, ko ta tsaga katanga, ko ta toshe sokawe, ko ta kwanta a kan kwano, ko kuma ta fito inda ba wanda ya shuka ta. Amsoshin sun fi shafar garuruwan arewacin Najeriya da kudancin Nijar, inda itatuwan cikin gari kusan iri ɗaya ne tun daga Sakkwato har Maiduguri, daga Maraɗi har Zariya. Halin da ya sa aka cika garuruwanmu da waɗannan itatuwa, wato jure fari da saurin girma da taurin rai, shi ne kuma yake wahalar da mai son rabuwa da su. Saboda haka sai an san yadda bishiya ta zo kafin a san yadda za a fitar da ita.

Me ya sa duk inda mutum ya juya a gari darbejiya yake gani?

Domin da gangan aka baza ta. Darbejiya, wadda wasu ke ce wa dogon yaro, wasu bedi, wasu maina, ba 'yar ƙasar nan ba ce. Asalinta Indiya da ƙasar Bama, wato Myanmar. Turawan mulkin mallaka ne suka shigo da ita Afirka ta Yamma. Ta fara zama a Gana zamanin gwamna Gordon Guggisberg, wanda ya riƙe ƙasar daga 1919 zuwa 1927, sannan aka kai ta lardin Borno a 1928. Daga nan ma'aikatan gandun daji suka riƙa rainonta suna dasawa a bakin hanya, kasuwa, makaranta, asibiti da tashar mota.

Dalilinsu a fili yake. Tana rayuwa a ƙasar da ba ta da ƙarfi, tana jure rani mai tsawo, gara ba ta cika cin ta ba, akuya kuma ba ta damu da ganyenta mai ɗaci ba sai yunwa ta matsa. Babban abin da ya ɗaukaka ta shi ne a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri kuma yawancin itatuwan daji sun kaɗe, ita tana nan kore shar da inuwarta.

Farin 1973 da na 1984 sun ƙara mata kasuwa. Gwamnatoci da ƙungiyoyin agaji sun dasa dogayen layukan kare iska a Kano, Jigawa, Katsina, Sakkwato da Borno, akasari da darbejiya da itacen turare. A Nijar, aikin kwarin Majiya da ke jihar Tawa, wanda aka fara a 1975 tare da ƙungiyar CARE, da layukan darbejiya aka yi shi. Alhazanmu ma sun san ta a filin Arfa, inda aka dasa dubbanta don mahajjata su sami inuwa.

Turare kuwa daga Ostireliya aka kawo shi, malaina daga kudancin Asiya, shi kansa mangwaro ɗan Indiya ne. Tsamiya, kuka da ɗorawa namu ne, amma suna da nawar girma, kuma mai sayar da dashe a bakin titi abin da zai yi inuwa cikin 'yan shekaru yake rainowa, don shi ake saye.

Ni ban shuka komai ba. Ta ina wannan bishiyar ta shigo mini gida?

Da wuya a rasa ɗaya cikin huɗu: tsuntsu, jemage, dabba ko yaran gida.

'Ya'yan darbejiya idan sun nuna sukan yi rawaya, da ɗan zaƙi-zaƙi a jikin ƙwallon. Jemage da tsuntsaye suna tsotse zaƙin su yar da ƙwallon a inda suke sauka. Shi ya sa za ka ga tsiron a jere ƙarƙashin wayar lantarki, a gindin katanga, ko ƙarƙashin mangwaron da tsuntsaye ke kwana. Ƙwallon ba ya daɗewa da rai, 'yan makonni ne ya mutu, amma yawancinsa da damina yake zuba, ƙasa na jiƙe, sai ya tsira nan take. Ka leƙa bayan banɗaki a watan Agusta, wurin da ruwan wanka ke malala. Za ka tarar da su kamar an yafa, kowanne da jajayen ganyayyaki a kansa, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba. Cikin waɗannan ne ɗaya zai tsira daga tsintsiya, bayan shekara uku a ce bishiya ta fito da kanta.

Bagaruwa, gawo da magarya a cikin kashin awaki da shanu suke zuwa. Irinsu na da tauri, bi ta cikin dabba kan sassauta ɓawon, ga taki kuma ya same shi a shirye. Dabino, gwanda, mangwaro da goriba kuwa daga juji suke tashi, inda aka zubar da ƙwallo bayan an sha.

Magani mafi sauƙi a duk wannan shafi shi ne a tuge su suna ƙanana, washegarin ruwan sama, ƙasa na da laushi. A kama daga gindi a ja a hankali har saiwar ta fito gaba ɗaya. Tsiron da bai kai taƙi ɗaya ba a sama, saiwarsa kan fi shi tsawo a ƙasa. Idan aka yanke shi da fartanya aka bar saiwa, dawowa zai yi da kai biyu.

Wata 'yar bishiya ta fito a tsagar katanga, wata a bakin rijiya. In bar ta?

Kada ka bar ta. Da alama dangin ɓaure ce, wato cediya, durumi, gamji ko shirinya. Irinsu ƙanana ne ƙwarai, tsuntsu ke kasayar da su, kuma ba sa buƙatar ƙasa mai yawa. Ɗan ƙura da danshi a tsagar siminti, a bakin indararo ko a kan wata bishiyar ya ishe su. Saiwar tana bin tsagar tana neman ƙasa, tana yin kauri kowace shekara, har ta buɗe ginin. Tsofaffin rijiyoyi da yawa haka bakinsu ya rushe.

A cire ta da wuƙa ko kurfi har inda saiwar ta shiga, a toshe tsagar da siminti, domin idan aka bar ramin wani irin zai sake faɗawa.

Wannan ba zagin cediya da durumi ba ne. Tun kafin zuwan darbejiya su ne inuwar ƙofar gida da ƙofar fada, a sari reshe a kafa da damina ya kama. Unguwanni irin su Durumin Iya da Cediyar 'Yangurasa a Kano sunansu daga nan ya samo asali. Sai dai a da fili na da yawa, gini kuma na ƙasa ne da ake yaɓe duk shekara. Yau fulotin ƙafa 50 da 50 ne, ga sokawe, ga bututu, ga daɓen siminti. Babu wurin cediya a irin wannan gida.

Katangata ta tsage kuma akwai bishiya kusa. Ita ce ta jawo?

Mai yiwuwa ne, amma kada a yanke mata hukunci kafin a bincika. Itatuwa da yawa sun sha gatari a kan laifin fandisho marar zurfi, bulo mai ƙarancin siminti, ko ruwan kwata da ke kwanciya a gindin gini.

Bishiya na ɓata gini ta hanya biyu. Ta farko, saiwa mai kauri ta shiga ƙarƙashin abu marar nauyi, kamar katangar gida, daɓe ko dakali, ta ɗaga shi. Wannan ana ganewa da ido: daɓen ya kumbura a layi ɗaya da ya nufi gindin bishiya, kuma idan aka tona gefen katangar da diga za a ga saiwar. Yawancin saiwoyin bishiya ba su da zurfi kamar yadda ake zato. Akasarinsu suna cikin mita ɗaya na saman ƙasa, amma suna bazuwa nesa, har su wuce inda inuwar rassa ta tsaya.

Hanya ta biyu ta fi ɓoyuwa, kuma a ƙasar laka take faruwa, irin ta fadama ko baƙar ƙasar firgi ta yankin tafkin Chadi. Laka na kumbura da damina, ta tsuke da rani. Bishiya mai shan ruwa da yawa, musamman turare, tana ƙara busar da ita a gefe ɗaya na ginin, sai wannan gefen ya sauka, bango ya tsage a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa. Alamarsa ita ce tsagar tana buɗewa da rani ta rage da damina. A ƙasar jigawa mai rairayi wannan ba ya cika faruwa.

Akwai kuma abin da ya kamata mai gida a ƙasar laka ya sani: idan aka cire babbar tsohuwar bishiya lokaci ɗaya, ƙasar da ta daɗe a bushe takan sake shan ruwa ta kumbura, ta tura ginin sama. Don haka a irin wannan wuri a nemi injiniyan gini ya duba tukuna, kuma kada a yi gaggawar gyaran tsagar sai an ga damina ta wuce.

Saiwa ta shiga sokawe da bututun ruwa. Yaya zan yi?

Saiwa ba ta fasa lafiyayyen bututu. Inda ke yoyo take bi, mahaɗar da ba ta kamu ba ko tsagar da ta riga ta samu. Da ta shiga sai ta yi gashi-gashi ta cika wurin. Idan aka sare bishiyar aka bar yoyon, saiwar bishiyar maƙwabta za ta zo ta gaje ta. A tona, a yanke saiwar, a canja bututun, a shafe cikin sokawen da siminti mai kyau. Idan bishiyar dangin ɓaure ce ko turare kuma tana dab da ramin, to gaskiya sai an cire ta, don za ta dawo.

Dole ne sai an sare? Babu wata dabara?

Sau da yawa akwai. Idan matsalar reshe ne da ke goga kwano, ko ganye da ke toshe indararo, ko duhu da ya rufe tsakar gida, rage rassa ya wadatar. A yi shi kafin iskar farkon damina, wadda ita ce ke karya rassa ta yaye rufi. Wajen yanke babban reshe a fara yi masa ɗan sara daga ƙasa, sannan a yanke daga sama gaba kaɗan da wurin, don kada nauyinsa ya ɗaye ɓawon gangar jikin. Bayan ya faɗi sai a gyara guntun da ya rage, ba tare da an shafe shi har jikin bishiya ba.

Abin da nake roƙon a daina shi ne gundule kan bishiya gaba ɗaya a bar gungume tsaye. Tohon da ke fitowa bayan haka yana da yawa, yana da sauri, kuma a saman ɓawo kawai yake maƙale, shi ne ke ɓallewa da iska bayan shekara biyu ko uku.

Idan kuwa saiwa ɗaya ce ke ɗaga daɓe, ana iya yanke ta nesa da gindi. Amma kada a yanke manyan saiwoyi dab da gindi, kada kuma a zagaye bishiya da rami. Su ne ke riƙe da ita, kuma bishiyar da aka raba da su tana iya faɗuwa kan ɗaki da mutane a ciki.

Wadda ba ta da magani sai sara ita ce wadda gindinta ya ruɓe ko ya yi kogo babba, wadda ta fara karkata ƙasa na ɗagowa a bayanta, wadda ta bushe a tsaye, da wadda aka tabbatar tana rusa gini.

Bishiyar a gidana take. Sai na nemi izini?

A tambaya kafin a sara, domin dokar ta bambanta daga wuri zuwa wuri. A Najeriya sha'anin gandun daji a hannun jihohi yake, kuma sashen gandun daji na ƙaramar hukuma ko ma'aikatar muhalli ne ke ba da izini. Bishiyar bakin titi, ko da a ƙofar gidanka take, ba taka ba ce kai kaɗai. A Nijar dokar daji ta 2004 ta ba wasu itatuwa kariya, gawo na cikinsu, kuma jami'an gandun daji suna cin tarar wanda ya sare ba izini. Kare gawo a can tsohon abu ne, tun sarakunan Damagaram suke tsananta hukunci a kansa.

Akwai kuma izinin da ba na hukuma ba. Mai haya ba ya sare bishiya sai da yardar mai gida. Gidan gado da ba a raba ba, mangwaron da ke cikinsa na magada ne duka. Ita ma uwargida da ke girki da wanki a ƙarƙashin inuwar kullum, a ji ta bakinta, domin ita za ta fi kowa shan rana idan aka sare.

Bishiyar maƙwabcina ce ke zubo mini ganye tana taɓa rufina.

Kada ka hau katanga da adda yana kasuwa. Ka same shi bayan sallah ka ce, "Alhaji, reshen nan ya fara cin kwanona, ko za mu nemo mai sara mu raba kuɗin?" Yawancin mutane ba sa ƙi idan aka zo musu ta haka. Idan ya ƙi, sai a kai wa mai unguwa. Malaman fiƙihu sun yi bayanin cewa wanda reshen wani ya shigo masa fili yana cutar da shi yana da haƙƙin neman a janye ko a yanke. Abin da ba shi da hujja ko kaɗan shi ne zuba wa bishiyar wani guba a ɓoye.

Shin sare bishiya zunubi ne?

Shuka bishiya sadaka ce mai gudana. Hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa duk abin da mutum, tsuntsu ko dabba ya ci daga abin da Musulmi ya shuka, sadaka ce gare shi. Akwai kuma gargaɗi mai tsanani a Abu Dawuda game da sare magarya, wanda shi kansa Abu Dawuda ya fassara da magaryar daji da matafiya da dabbobi ke fakewa a inuwarta, a sare ta don ɓarna. A gefe guda, Muslim ya ruwaito labarin mutumin da ya sami Aljanna saboda ya sare wata bishiya da ke cutar da mutane a kan hanya. Ke nan abin dubawa shi ne dalili. Kawar da cuta halal ne, har da lada. Sara don son rai, ko don 'yan kuɗin gawayi alhali jama'a na amfana da inuwar, shi ne abin tsoro.

Yaya ake kayar da babbar bishiya a cikin gida ba tare da ɓarna ba?

A cikin gida ba a kayar da ita gaba ɗaya. Daga sama ake farawa, reshe-reshe, ana ɗaure kowanne da igiya ana saukewa, har a rage gangar jiki, ita ma a yanka ta gunduwa-gunduwa. Wannan aikin masu sana'ar ne. Kafin a yi ciniki a tambaye su yadda za su sauke rassan, a kuma yi magana a kan wanda zai biya idan kwano ko katanga ta lalace, da wanda zai ɗauki itacen. Masu sara da yawa sukan rage kuɗin aiki idan za a bar musu itacen.

Inda akwai fili, ana yanke baki a gefen da ake so ta faɗa, zurfinsa kamar kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin gindin, sannan a yanka daga baya sama kaɗan da bakin, a bar wani yanki a tsakiya ba a tsinke ba don ya riƙe ta ta tafi inda aka nufa. Duk wanda ba ya cikin aikin ya yi nisan da ya kai tsawon bishiyar sau biyu. Yara su ne abin lura, don ƙarar injin yankan itace ke tara su.

Kafin a hau a duba ko akwai zuma ko rina. Kada a yi aikin ana iska ko hadari. Idan kuwa reshe na kusa da wayar lantarki, ba mai taɓa shi sai an sanar da kamfanin wuta sun kashe layin. Ɗanyen reshe yana ɗaukar wuta, kuma dogaro da cewa ai an ɗauke wuta tun safe ya hallaka mutane, don ba wanda ya san lokacin da za a dawo da ita.

Na sare darbejiyar har sau biyu, amma sai ƙara yawa take yi. Me ke faruwa?

Rabin bishiyar kawai ka sare. Ɗaya rabin yana ƙasa da ransa, cike da abincin da ta tara shekara da shekaru. Da ka cire kan, sai idanun toho da ke kwance a jikin kututture da saiwoyi su farka, ga babbar saiwa tana ciyar da su. Shi ya sa tohon kututture ke fin sabon dashe saurin girma nesa ba kusa ba. Darbejiya, turare, malaina da dangin ɓaure duk haka suke, darbejiya ma har daga jikin saiwa take tohowa can nesa da gindi.

Wannan halin ne manoman Nijar suka mai da arziki. Tun daga 1983 a yankin Maraɗi, wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo da manoman karkara suka fara barin tohon kututturan gona, suna zaɓar mai ƙarfi suna rage sauran, abin da ake kira sassaben zamani. An ƙiyasta cewa itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 ta wannan hanya. Ƙarfin da ya farfaɗo da gonakin Maraɗi da Damagaram shi ne kake fama da shi a bayan ɗakinka.

To yaya zan kashe kututturen ya mutu gaba ɗaya?

Hanyar da ta fi tabbas ita ce tonewa. Idan ka san za ka tone, kada a yanke gindin dab da ƙasa, a bar shi ya kai ƙirji don a sami abin kamawa a girgiza. A jiƙa wurin kwana ɗaya kafin aiki, a tona zagaye da diga da shebur, a sare saiwoyin gefe da gatari ɗaya bayan ɗaya, a tura gungumen gefe har babbar saiwar tsakiya ta bayyana, a datse ta. A cike ramin a daddaɓe sosai, musamman idan za a yi gini a wurin, don ƙasar takan zauna daga baya.

Idan tonon zai taɓa fandisho ko bututu, sai a kashe shi da yunwa. A yanke shi dab da ƙasa, a rufe da baƙar leda mai kauri ko tsohon kwano, a danne da duwatsu, duk tohon da ya leƙo a karye shi tun yana ja, kafin ganyen ya buɗe. Saiwar da ba ta samun ganye tana cinye ajiyarta ta mutu. Yana iya ɗaukar shekara ko fiye, kuma idan aka yi sakaci wata biyu da damina aikin ya koma baya.

Ta uku ita ce maganin ciyawa mai sinadarin gilaifoset, irin su Roundup da manoma suka sani. Ba feshi ake yi ba. Ana shafa shi da kauri da buroshi a kan sabon yanka, cikin 'yan mintuna da sarewa, kafin wurin ya bushe, a zoben da ke ƙarƙashin ɓawo, domin nan ne rai yake, tsakiyar itacen ba ya kai komai ƙasa. Ƙarshen damina zuwa kaka ya fi, lokacin da bishiya ke tura abinci zuwa saiwa. A sa safar hannu, kada a yi ana shirin ruwa, a rufe kututturen daga yara da dabbobi, kada kuma a mai da robar maganin ta ruwan sha. Idan akwai wata bishiya irinta kusa da kake so, ka yi hattara, saiwoyinsu kan haɗe a ƙasa maganin ya taɓa ta.

An ce in zuba baƙin mai, gishiri ko ruwan batir. Wasu sun ce in cinna wuta.

Kada ka zuba ko ɗaya. Baƙin mai da ruwan batir ba su cika kashe saiwar darbejiya ba, amma suna lalata ƙasa, kuma a unguwannin da kowane gida ke da rijiya, abin da ka zuba yau yana iya gangarawa ruwan da 'ya'yanka da na maƙwabta ke sha. Gishiri mai yawa yana hana komai tsirowa a wurin shekaru, yana kuma cin siminti da ƙarfen gini.

Wuta a gona daban, a cikin gida daban. Ɗanyen kututture ba ya ci, busasshe kuma yakan yi kwanaki yana cin wuta a ƙarƙashin ƙasa yana bin saiwa, ba a gani. Da hunturu, ga zana ga kara ga iska, wannan ganganci ne.

Haka kuma ɗaye ɓawo zagaye da gindi don bishiya ta bushe a tsaye bai dace da cikin gida ba. Busasshiyar bishiya tana zubar da rassa ba sanarwa, mataccen itace kusa da ɗaki kuma kiran gara ne.

Wata ƙaya ta mamaye mana fili, dabbobi na cin 'ya'yanta, ta ƙi ƙarewa.

Idan a yankin Difa, Gigimi, Borno, Chadi ko Sudan kake, da alama itacen da masana ke kira furosofis ne, ɗan asalin nahiyar Amurka. An kawo shi don tsayar da rairayi, ya kuwa tsayar, sannan ya bi kashin awaki da raƙuma ya cika busasshen gindin tafkin Chadi. Sudan ta shigo da shi a 1917, a 1995 kuma gwamnati ta ba da umarnin a kawar da shi. Sara a sama ƙara masa yawa yake yi. Sai an tono gindin an datse ƙasa da inda toho ke fita, a ci gaba da tuge tsiro duk damina, a kuma hana dabbobin da suka ci 'ya'yansa kwana a filin. Gawayinsa na da kyau, wannan kan biya kuɗin aikin.

Tumfafiya da zurman fa?

Tumfafiya iska ke kawo irinta mai auduga-auduga, kuma tana son gajiyayyiyar ƙasa da kangon fuloti, dabba ba ta cika cin ta ba. A tono ta da saiwa, a kiyaye ido da farin ruwanta, yana yi wa ido illa sosai. Idan ya shiga a wanke da ruwa mai yawa a tafi asibiti. Zurman da bini-da-zugu kuwa 'ya'yansu guba ne ga yara. Gidan da ke da ƙanana a cire su tun kafin su yi 'ya'ya.

Gaskiya ne bishiya na kawo sauro, kuma kwana a ƙarƙashinta na da haɗari? Tsamiyar gidanmu ma ana cewa tana da iskoki.

Sauro a ruwa yake haihuwa. Yakan fake a duhuwar ganye da rana, amma tushensa kwata ce, tsohuwar taya, da indararon da ganye ya toshe ruwa ya kwanta. A share waɗannan, a rage rassan ƙasa iska ta riƙa wucewa. Iskar da bishiya ke fitarwa da dare ba ta kai ta cutar da mai kwana a fili ba. Abin tsoro na gaske shi ne busasshen reshe, maciji a kogo, da tsawa idan hadari ya taso.

Maganar iskoki a tsamiya da kuka tsohuwa ce a ƙasar Hausa, kuma ta sa wasu sun sare itatuwan da suka girmi kakanninsu. Tsamiya mai lafiya da ba ta taɓa gini tana ba da inuwa mai sanyi da 'ya'yan kunu, kuma wanda ya sare ta ba zai ga kamarta a wurin ba a rayuwarsa. Mai jin tsoro ya riƙe addu'o'insa na safe da yamma, ya bar ta.

Idan na cire, me zan shuka a madadinta, kuma a ina?

Ka shuka wani abu, domin ɗakin da ya saba da inuwa zai yi zafin da ba ka zata ba a bazarar farko. Idan hali ya yi, a dasa sabuwar shekara ɗaya ko biyu kafin a cire tsohuwar.

A ƙaramin gida a zaɓi masu ƙaramin jiki: zogale, gwaba, lemun tsami, rumman, gwanda, lalle. Mita biyu zuwa uku daga bango ya ishe su. Dabino ma ya dace, don saiwarsa siririya ce ba ta yin kaurin da zai ɗaga daɓe. Mangwaro da darbejiya suna son a ba su kamar mita takwas zuwa goma daga ɗaki, sokawe da rijiya. Idan gidan bai kai haka ba, a haɗa kai da maƙwabta a dasa su a filin unguwa, masallaci ko makaranta. Turare, cediya, durumi da gamji na fili ne da bakin gari. Itacen nan mai rassa hawa-hawa kamar laima da ake yayi a sababbin unguwanni, ɗan asalin Madagaska, yana da kyan gani, amma saiwarsa a sama take bi tana ɗaga daɓe, kada a manna shi da katanga.

Gefen yamma na gida ya fi buƙatar inuwa, don ranar la'asar ce ke gasa bango har dare. Kafin a haƙa rami a ɗaga kai a duba waya, a kuma tuna inda bututu ya bi. A dasa bayan ruwa ya zauna, wajen watan Yuli, a kewaye dashen da ƙaya ko tsofaffin bulo saboda awaki, a riƙa ba shi ruwan alwala da na wanke-wanke marar sabulu mai yawa har ya wuce raninsa na farko.